Kifin da Bai Fito Ba a Falon Alhaji Mamuda

Ranakun aiki da yawa sun shige mini duhu, amma ban da wata Alhamis ta damina da kifi ya kore ni daga kan kujera a Gonin Gora, ni da gemuna, a gaban matar mutane. Ku da kuka shigo sana'ar nan ta haɗa kayan kallo da sauti a bayanmu kun sha jin ana tsokanata da wannan kifi. To yau ga labarin daga bakin mai shi, domin rabi kawai ake ba ku, kuma rabin da ba a faɗa ya fi nauyi.

A lokacin ina aiki a wani shago a Barnawa, wurin Oga Chidi, haifaffen Kakuri mai jin Hausa kamar jakin Kano. Tsarin shagon hawa uku ne. Akwai mai jan waya, wanda aikinsa ya bi bango da silin. Akwai mai haɗi, wanda ke jona na'urori. Sai babban mai haɗi, shi kaɗai ke da ikon sa hannu a katin aiki. A ƙasan katin nan akwai wani ɗan akwati da aka rubuta cewa an gwada kaya kuma suna aiki. Babban mai haɗi ya sa hannu, mai gida ya sa nasa, a kai wa Oga ya adana. Shekara shida na yi kafin a miƙa mini biron sa hannun nan, kuma watana biyu kacal da samunsa abin da zan ba ku ya faru. Ranar da Oga ya ba ni shi, cewa ya yi, "Sabi'u, hannun nan naka shi ne sunanka. In ya lalace, ba a sayar da wani a kasuwa."

Shekarun nan ne talabijin ɗin 3D suka fara shigowa Kaduna. Labarinsu ya riga su isowa. Ana ta cewa in ka sa wani tabarau, hoton zai yi zurfi, abubuwa su fito daga gilashin su zo har gabanka. Mu a shago kullum zancen ke nan, kowa na ƙara nasa gishirin, amma cikinmu babu wanda ya taɓa gani da idonsa, har da Ogan. Sai ga Alhaji Mamuda, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ya aiko cewa ɗansa da ke ƙasar waje ya turo masa sabuwar talabijin ta 3D da na'urar faifanta da tabarau huɗu, a zo a haɗa masa. Oga ya dube ni ya ce ni zan je. Wallahi ranar ko abincin rana ban iya ci ba don murna. Ni ne zan zama na farko a shagonmu, wataƙila ma a Barnawa gaba ɗaya.

Ga wanda ba ɗan sana'a ba, bari in yi ɗan bayani. A falon da aka haɗa sauti irin na sinima, amfilifaya ita ce tsakiya. Na'urar faifai tana tura mata hoto da sauti ta waya ɗaya, wadda muke kira HDMI. Ita kuma ta riƙe sautin ta raba wa sifikoki, ta wuce da hoton zuwa talabijin. Alhaji yana da amfilifaya tun kafin zuwan wannan sabon yayi, mu ne ma muka haɗa masa ita shekara uku baya, da sifika biyar da wata babba ta ƙasa mai girgiza kofin shayi. Yana ji da ita ƙwarai. Har mayafi Hajiyarsa ta ɗinka mata saboda ƙura.

Ranar Talata da hantsi na isa. Na kafa talabijin a bango, na jona na'urar faifai a amfilifaya, amfilifaya kuma a talabijin, yadda na saba yi ko ido a rufe. A kwalin akwai faifan gwaji na halittun cikin teku. Na saka shi. Wani ɗan rubutun Turanci ya bayyana a fuskar talabijin, ni kuwa na danna rimot na kore shi ban karanta ba, kamar yadda dukanmu muke yi wa irin waɗannan rubuce-rubucen har gobe. Na miƙa wa Alhaji tabarau ɗaya, na maƙala ɗaya.

Sautin ruwa ya cika falon ta ko'ina. Hoton kuwa tangaran, launi ya fito shar, ban taɓa ganin talabijin mai kyansa ba. Wani kifi ruwan ɗorawa ya juyo ya fuskance mu. Na ƙura masa ido ina jira ya fito. Bai fito ba. Tabaraun dai ya ɗan rage hasken, shi ke nan. Na ce a raina to wataƙila iyakar abin ke nan, 'yan talla ne suka zuzuta shi. Na karkata kai hagu, na karkata dama, har na fara jin kamar akwai ɗan zurfi-zurfi.

Alhaji ya juyo ya ce, "Injiniya, ya fito?"

Ku dubi matsayina. Babban mai haɗi, sabon biro a aljihu, dattijo ya kira ni injiniya. In ce masa ban sani ba?

Na ce, "Ai ya fito, ranka ya daɗe. Ga shi nan kamar ka kama."

Ya gyara tabaraun, ya ce, "Lallai kam. Masha Allah."

Na sa hannu, ya sa hannu. Hajiya ta aiko mini da kunun aya mai sanyi. Na hau keke na koma shago baki har kunne, na tara abokan aiki ina ba su labarin yadda kifi ke yawo a falon Alhaji. Kafin sati ya zagayo Oga ya sa an rubuta a allon ƙofar shago cewa muna da ƙwararren 3D. Kaina ya kumbura, har tafiyata ta canza.

Kwana tara bayan haka, ranar Alhamis, aka tura ni Gonin Gora gidan Madam Rifkatu, mai babban shagon kayan masarufi a bakin titin Abuja. Ita ma ta sayo irin talabijin ɗin, amma ba ta da amfilifaya, ba ta kuma so. Ta ce hayaniyar tireloli ta ishe ta. Saboda haka aikin minti ashirin ne, waya ɗaya daga na'urar faifai kai tsaye zuwa talabijin. Faifan gwajinta iri ɗaya ne da na Alhaji. Na jawo wata kujerar roba na zauna, na sa tabarau da isa irin ta wanda ya riga ya san komai, har ina gaya mata kada ta sa rai da yawa.

Tabaraun ya yi wani ɗan ƙyaftawa a idona, abin da na Alhaji bai yi ba. Sai bangon ɗakin ya buɗe.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba, ku da kuka taso kuka tarar da abin ya zama tsohon yayi. Gilashin talabijin ya ɓace. Ruwa ya tafi can ciki, nisa, nisa, kumfa tana tasowa tana wucewa ta gefen kunnena. Sai ga kifin nan ruwan ɗorawa, shi dai wannan na gidan Alhaji, ya juyo, ya baro talabijin, ya taho tsakiyar ɗaki ya nufo hancina da bakinsa a buɗe. Na yi salati da ƙarfi, na kai hannu zan kare fuska, na yi baya. Ƙafar kujerar ta lanƙwashe, sai ga ni a ƙasa ƙafafu sama.

Madam ta yi dariya har da riƙe ciki. "Oga injiniya! No be you be expert? Ba kai ne ƙwararren ba? Kifi ne fa kawai, ba ya cizo!"

Na tashi ina dariya ni ma, na ce ta sa nata ta gani. Ta sa, ta ƙwala ihu tana kiran sunan Yesu, ta ruga bayan labule. Muka mayar da wurin kifin nan baya ya fi sau biyar. Na miƙa hannu ina lalube a iska, na tsuguna, na miƙe, na matsa gefe, kifin na biye da ni. Rabon da in yi farin ciki irin wannan a wurin aiki tun ranar da na fara jin sauti ya fita daga sifikar da na haɗa da hannuna. Gani ya kori ji, ashe 'yan talla ba su faɗi ko rabi ba.

Ina kan keke a hanyar komawa, daidai inda ake sayar da rake, murnar ta gushe. In wannan shi ne 3D, to me na baro a falon Alhaji Mamuda? Hannuna yana kan katin nan, a cikin durowar Oga, yana shaida abin da bai faru ba.

Ban tsaya cin abinci ba. A shago muna da wata amfilifaya sa'ar ta Alhaji da aka kawo gyara, ga kuma talabijin ɗin 3D ta uku da ke jiran a kai wa mai ita. Na roƙi Oga na buɗe kwalin. Na haɗa kai tsaye, kifi ya fito, har Oga ya kauce yana kiran Allah da yarensu, "Chineke!" Na bi da hoton ta cikin amfilifaya, kifi ya koma ya manne a gilashi. Wannan karon na tsaya na karanta ɗan rubutun nan. Cewa yake ba a sami na'urar da ke karɓar 3D ba, za a nuna faifan a hoto na yau da kullum. Ashe tun ranar Talatar na'urar ta gaya mini gaskiya, ni ne na danne mata baki da rimot.

Littafin bayani ya warware sauran. Kafin na'urar faifai ta tura hoto, sai ta tambayi wadda ke gabanta ko tana iya ɗaukar 3D. Wadda ke gabanta a gidan Alhaji amfilifaya ce, ba talabijin ba. Ita kuwa an ƙera ta da tsohon tsarin HDMI, na kafin a shigo da 3D, ba ta ma san da zancen ba. Sai na'urar ta haƙura ta aika hoto shimfiɗaɗɗe. Amfilifayar lafiyarta ƙalau, talabijin ma haka. Zamaninsu ne ya bambanta, ni kuma na ɗaura musu aure ban yi bincike ba.

Oga ya tsaya yana sosa ƙeya. Ya ce, "Alhaji ya kawo ƙara?"

Na ce bai kawo ba.

"To customer don happy, wetin remain? Mai kaya ya gamsu, me ya rage? Bar shi. In kuma dole sai ka taɓa, ka ce masa amfilifayarsa ta tsufa, ga sabuwa mai ɗaukar 3D za mu kawo."

Na ce, "Oga, in na ce masa haka, ai zai tambaye ni abin da na sa wa hannu."

Ya ce, "Shi ne nake gaya maka. Ka je ka tona, kanka ka tona. Alhaji ya san manya a garin nan. In ya ce a karɓe biron nan, zan karɓe, ba ruwana."

Gaskiya ya faɗa, kuma na ji tsoro. Na koma na zauna ina jujjuya na'urar faifan a hannu, ba don ina neman komai ba. Sai idona ya sauka a bayanta. Bakin HDMI biyu ne, ba ɗaya ba. Na ɗauka na biyun ajiya ne kawai ko na farko zai lalace. Na buɗe littafin da sauri. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki! Masu ƙera ta sun san da irin Alhaji a duniya, masu tsohuwar amfilifayar da ba sa son rabuwa da ita. Baki ɗaya na kai hoto kai tsaye zuwa talabijin, ɗayan na kai sauti zalla zuwa amfilifaya. Nan take na jona. Kifi ya fito, ruwa na ruri ta sifikoki. Na daka tsalle na rungume Oga, shi kuma yana ture ni yana cewa in sake masa riga. Ya ciro sabuwar waya daga kanta ya jefo mini. "Je ka. Amma ba ni na aike ka ba."

Dabarar gyara ta samu, saura ta baki. A daren ban faɗa wa kowa ba, amma na shirya ƙarya kala biyu. Zan iya cewa duba kaya na zo yi kamar yadda aka saba, in sauya wayar shiru in tafi. Zan iya cewa kamfani ne ya aiko da sabon tsari. Duk wadda na ɗauko sai ta karye a wuri ɗaya: da zarar kifin nan ya fito, Alhaji zai san cewa da bai fito ba, kuma zai tuna wanda ya ce masa ya fito.

Ranar Asabar bayan azahar na je. Mai gadi ya ce mini ai falon nan ya zama majalisa, kullum bayan la'asar abokan Alhaji na zuwa kallon kifi, ana karɓa-karɓa da tabarau huɗu, kowa ya fito yana yabo. Na sami Alhaji shi kaɗai yana jan carbi. Na durƙusa na gaishe shi, na ƙi tashi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, laifi na kawo. Abin da na haɗa maka ba 3D ba ne. Ranar nan da ka tambaye ni ko ya fito, ban ga komai ba. Ban taɓa ganin 3D ba a lokacin, kunya ce ta hana ni faɗa."

Carbin ya tsaya. Ya ƙura mini ido.

Ya ce, "Maimaita. Kai ma ba ka gani ba?"

"Ban gani ba. Babu wanda zai iya gani, domin babu shi."

Ya jingina da kujera ya rufe ido. Na ce shi ke nan, biro ya tafi. Da ya buɗe baki, muryarsa ƙasa-ƙasa take.

"Sabi'u, ka san inda na je ranar Litinin? Asibitin ido. Injiniya ya ce ya fito. Abokaina sun ce ya fito, har wani na kaucewa. Ni kaɗai ne ba na gani. Na ce to makanta ce ta fara sallama. Na miƙa wa Hajiya makullin motata na ce na gaji da tuƙi, ban gaya mata dalili ba. Likita ya auna ni ya ce idona lafiya, sai ɗan abin da ba a rasa ba na shekaru." Ya nuna ni da carbin. "Ban yarda da likitan ba. Da kai na yarda."

Na sha jin faɗa a rayuwata, amma ban taɓa jin maganar da ta dake ni kamar wannan ba. Da ma zagina ya yi. Hawaye suka cika mini ido, na shiga ba shi haƙuri.

Ya ce, "Tashi ka yi aikinka. Amma da sharaɗi. Yau bakinka alaikum. Ni zan faɗa."

Minti biyar bai cika ba na gama. Sabuwar waya ta tafi talabijin, tsohuwar ta koma baki na biyu, amfilifaya na nan a ƙarƙashin mayafinta ba a taɓa ta ba. Na miƙa masa tabarau, na koma gefe na harɗe hannu. Ruwa ya fara ruri. Na ga kafaɗunsa sun ɗaga. Kifin ya juyo. Dattijon nan mai shekara saba'in ya zame gaba a kujera, ya miƙa hannu biyu yana kamun iska, hularsa ta faɗi bai kula ba.

"Allahu Akbar! Ga shi nan! Sabi'u, ga shi nan a kan gemuna! Ashe idona ƙalau!"

Yana dariya, hawaye na gangarowa ta ƙarƙashin tabaraun. Ya ce in mayar baya. Na mayar. Ya ce in sake. Muna cikin haka aka kira la'asar a masallacin layin, muka je muka dawo tare da abokansa uku. Alhaji ya ƙyafta mini ido kada in ce uffan, ya raba musu tabarau. Kifi na fitowa, ɗaya ya yi wurgi da sandarsa, ɗaya ya ɓuya a bayan ɗan'uwansa yana a'uziyya. Alhaji ya bari sai da suka nutsu, sannan ya tambaye su a hankali, "To wancan da kuka yi kwanaki kuna gani, wane ne shi?" Suka kalli juna. Babbansu ya ce, "Mamuda, gidanka muka zo, shayinka muka sha. Mu ce maka ɗanka ya aiko da abin banza?" Aka bushe da dariya har Hajiya ta leƙo ta ji ko lafiya. Alhaji ya ce mata lafiya lau, ta kawo masa makullin motarsa.

Da zan tafi ya ce in kawo sabon kati ranar Litinin, a yaga wancan. Na kawo. Shi ya fara sa hannu, sannan ya miƙo mini birona. Bai taɓa kai maganar wurin Oga ba.

Yanzu ba a ma sayar da irin talabijin ɗin, amma matsalar tana nan da wasu sunaye, domin kullum akwai sabuwar na'ura da za ta tarar da tsohuwa a falon mutane. Ku bincika zamanin kowace kafin ku jona, ku karanta abin da na'ura ta rubuta muku. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne ku san mutanen da muke yi wa aiki. Mutanenmu masu kara ne, ba za su kunyata mai gida ba, mai gida kuma ba zai ƙaryata ma'aikaci ba. In ka shiga gidan mutum da jakar kayan aiki ka ce abu ya yi, zai iya zargin idonsa da kunnensa kafin ya zarge ka. Shi ya sa tun daga ranar ban sake tambayar kowa "ya yi ko?" ba. Ina kunna kaya, in koma gefe, in ce masa, "Me kake gani?" Sai in yi shiru har ya faɗa da bakinsa.